Sabon Bodi ko Sabon Kamfani? Lissafin da Mai Ɗaukar Hoto Zai Yi Kafin Ya Taɓa Aljihu

Duk mai ɗaukar hoton da ya yi 'yan shekaru da kyamara ɗaya, akwai ranar da za ta fita masa a rai. Galibi ba lalacewa take yi ba. Abokin sana'a ne zai zo wurin biki da sabuwa marar madubi, ya ɗaga ta sama da hannu ɗaya, wani ɗan akwati a allonta ya liƙe wa idon amarya yana bin ta duk inda ta juya, kai kuwa kana can kana kokawa da madannin fokas, gumi na zuba. Daga ranar tambaya biyu za su riƙa yi maka yawo a ka: in sayi sabon bodi a kamfanin da nake, ko in tattara komai in sayar in koma wani?

Tambayoyin ba nauyinsu ɗaya ba. Wanda ya sauya bodi abu guda ya saya, ya dawo ya ɗaura tsofaffin gilasansa ya ci gaba da aiki. Wanda ya sauya kamfani kuwa ƙaura ya yi, kuma mai ƙaura ba ya sanin yawan tarkacensa sai ranar da mota ta tsaya a ƙofar gida. Gilasai, filash, batura, caja, katuna, har da sabon da yatsu suka yi da madannai, duk suna cikin abin da za a kwashe ko a bari. Gara in faɗi ra'ayina tun yanzu: cikin masu wannan tunani, kaɗan ne sauya kamfani zai amfana, da yawa ma ko bodin ba su kai ga buƙatarsa ba. Amma akwai waɗanda tashin ya zame musu dole, kuma akwai yadda mutum zai gane ko yana cikinsu.

Fara da hotunan da ka zubar

Ajiye bidiyon masu yabon kyamarori na YouTube tukuna. Buɗe kwamfutarka, ka shiga ayyukan watannin baya, ka nemo hotunan da ba ka ba mai biki ba. Bar waɗanda wani ya rufe ido ko yaro ya gitta. Waɗanda ake nema su ne waɗanda ka so ƙwarai su fito amma suka ƙi. Tara su wuri guda, ka buɗe kowanne ka zuƙo shi ɗari bisa ɗari, sannan ka karanta bayanan da kyamara ke rubutawa a cikin kowane hoto: saurin shota, buɗewar gilashi, ISO, da gilashin da aka yi aikin da shi. Aikin yini guda ne, kuma shi zai nuna maka inda laifin yake.

A ce ka tarar da hoton wurin kamu, cikin ɗaki, ƙwan fitila ɗaya a sama. Komai na hoton ya ja gefe guda, zanen lallen hannun amarya ya zama kamar an shafa shi da yatsa, bayanin kuma ya nuna 1/30 a f/5.6. Wannan ƙarancin haske ne, kuma gilashin ne ya jawo shi. Gilashin 18-55 da ake haɗowa da yawancin ƙananan kyamarori, idan ka zuƙo shi zuwa 55, ba ya buɗewa fiye da f/5.6. Ɗan gilashin 50 mai f/1.8, wanda yana cikin mafi araha a kowane kamfani, yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Tashi daga ƙaramar sensa zuwa cikakkiya mai milimita 36 da 24 kuwa, faɗin da za ka ƙaru da shi ninki biyu ne da ɗoriya. Kwatanta kuɗin biyun ka gani. Idan rabin hotunan da ka zubar irin wannan ne, gilashi da fitila kake nema.

Wani hoton kuma za ka ga bangon bayan ango tar, har ana ƙirga furannin labule, fuskarsa kuwa dishi-dishi. Fokas ne ya kuskure. A nan sai ka ƙara lura. Idan gilashi ɗaya ne kullum yake faɗawa baya ko gaba, ko da mutum yana tsaye cak, to a kyamara mai madubi wannan saiti ne kawai: Canon 6D, 70D, 80D da 5D tun daga Mark II, da Nikon D7000 zuwa sama, duk suna da wurin daidaita fokas ɗin kowane gilashi a cikin menu. Ƙananan irin su 600D, 700D da D3200 ba su da shi. Idan kuwa sai abu yana motsi fokas ke ɓata, amarya tana tahowa, ko doki ya sako a guje ranar hawan Sallah, to nan kam an kama bodi dumu-dumu. Canon 6D ta 2012 tana da sensa mai kyau har gobe, amma wuraren fokas 11 kacal gare ta, kuma na tsakiyar ne kaɗai abin dogaro. Babu gilashin da zai gyara wannan. Bin ido da bin motsi shi ne babban abin da sababbin kyamarori suka fi tsofaffi da shi, kuma duk manyan kamfanonin yanzu suna da shi. Riƙe wannan, domin yana nufin matsalar fokas hujja ce ta sayen bodi, ba ta kai hujjar barin kamfani ba.

Akwai kuma ciwon da kowane mai ɗaukar biki a Arewa ya sani: ango da abokansa cikin farar shadda, rana tsaka. Ka ba fuska haske, shadda ta ƙone fari fat, aikin wuyan riga ya ɓace. Ka kare shadda, fuska ta yi duhu. Tambayar farko, da RAW kake ɗauka ko JPEG? Idan JPEG ne, ba ka ma taɓa ganin iyakar sensarka ba. Idan RAW ne, kuma da ka ɗago duhun a kwamfuta sai ka ga tsakuwa-tsakuwa da layuka, to sensar ce. An san tsofaffin Canon irin su 5D Mark III da wannan rauni, Nikon D750 ta 2014 ta fi su nesa a nan, kuma mutane da yawa sun bar Canon a waɗancan shekaru saboda shi. Canon ta gyara abin sosai tun daga 80D da 5D Mark IV a 2016. Wanda zai tashi yau saboda wannan dalili, tsohon labari yake bi.

Layukan da ke ratsa hoto ko bidiyo a zauren biki, ko launin da ke canzawa daga hoto zuwa hoto, fitilun LED ne ke ƙyaftawa da bugun wuta. Wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, don haka a bidiyo ka sa kyamara a PAL, firem 25, shota 1/50 ko 1/100. Kyamarorin da aka shigo da su daga Amurka sukan zo a saitin NTSC, kuma akwai masu aiki da su shekara da shekaru a haka suna zagin kyamara. Sabon bodi ma, idan ka sa shi a shotar da ba ta ƙara, zai iya ƙara maka layukan.

Batun megafiksel ba ya buƙatar dogon zance. Hoton albam mai inci 8 da 12, a bugu mai kyau na ɗigo 300 a kowane inci, bai kai megafiksel 9 ba. Bidiyon 4K ma ɗan sama da 8 ne. Yawancin abokan cinikinka kuwa ta WhatsApp za su karɓi hotunan, shi kuma ya matse su. Kyamara mai 20 ko 24 ta wadatar. Mai 45 sai dai ta cika maka kati da ma'ajiyar kwamfuta, ta kuma sa laftof ɗinka nishi.

Abu ɗaya da ba zai fito a hotunan da ka zubar ba shi ne hoton da ya ɓace gaba ɗaya. Idan kana karɓar kuɗin mutane don ɗaurin aure, kuma bodinka ramin kati ɗaya gare shi, wannan kaɗai ya isa hujjar sauya shi. Kati yana mutuwa ba sallama, kuma ba a maimaita ɗaurin aure.

Bakin kyamara

Zoben ƙarfen da gilashi ke shiga ya kulle, wato bakin kyamara, shi ne ainihin abin da ke ɗaure ka da kamfani. Nikon ta fito da bakin F a 1959, ta riƙe shi sama da shekara sittin. Canon ta watsar da tsohon bakinta na FD a 1987 ta kawo EF, masu tsofaffin gilasai suka yi ta ƙorafi, amma bakin ya yi mulki shekara talatin. Sony ta sayi sashen kyamarar Konica Minolta a 2006, ta fito da bakin E a 2010, sannan a 2013 ta sa cikakkiyar sensa a bodi marar madubi, wato A7. Sai a 2018 Canon da Nikon suka biyo baya da RF da Z. A ƙarshen 2021 shugaban Canon ya bayyana cewa 1D X Mark III ce za ta zama babbar kyamararsu mai madubi ta ƙarshe. Ma'ana, duk mai riƙe da EF ko F a yau, ko bai bar kamfaninsa ba, sabon bodin da zai saya da wani baki zai zo. Shi ya sa tambayar ta fi zafi yanzu fiye da shekara goma da suka wuce, kuma shi ya sa idan har za a tashi, wannan gaɓar ce ta fi dacewa a yi tunaninsa.

Abin da ke sauƙaƙa lamarin tazara ce. Kowane gilashi an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara daga sensa: milimita 44 a EF, 46.5 a F. Da aka cire madubi sai tazarar ta ragu, ta koma 20 a RF, 18 a E, 16 a Z. Adafta zobe ce kawai da ke cike gibin, tana kuma isar da saƙon lantarki tsakanin gilashi da bodi. Don haka gilashin kyamara mai madubi yana hawa marar madubi, amma na marar madubi ba ya komawa baya.

Sai dai adafta suna suka tara. Ta Canon daga EF zuwa RF babu abin da take ragewa, gilasai da yawa ma sun fi kama fokas a kanta fiye da yadda suke yi a tsohon bodi, domin yanzu a kan sensar kanta ake auna fokas ɗin. Ta Nikon, FTZ, tana aiki lafiya da gilasan AF-S da AF-P, amma ba ta da injin juya tsofaffin AF da AF-D, waɗanda bodi ne ke murɗa musu fokas da ɗan sukuru. Mai 50 f/1.8D ko tsohon 80-200 na D, ya sani da hannu zai koma juyawa. Ɗaura gilashin Canon a Sony ta hanyar Sigma MC-11 ko Metabones yana yiwuwa, mutane da yawa sun rayu a kansa, amma fassara ce tsakanin kamfanoni biyu da ba su yi alkawari da juna ba: a hoto ba laifi, a bidiyo da bin motsi sai a hankali. Idan fokas ne ya kore ka daga gida, kada ka je can ka dogara da irin wannan adafta.

Ga wani rami da masu ƙaramar sensa ke faɗawa. Gilasan EF-S na Canon ba sa hawa 6D ko 5D kwata-kwata. A bodin RF mai cikakkiyar sensa suna hawa ta adafta, amma kyamarar za ta yanke gefen sensa ta yi aiki da tsakiya, R6 mai megafiksel 20 ta koma ba ta kai 8 ba. Gilasan DX na Nikon ma haka, mai 24 ta koma wajen 10. To idan duk abin da ka mallaka 600D ce da 18-55 da 55-250, babu abin da ya ɗaure ka da Canon sai sabo. Ko ka zauna ko ka tashi, daga farko za ka fara tara gilasai.

Akwai kuma bakunan da aka rufe. Samsung ta fice daga harkar ta bar masu NX. Nikon ta daina jerin Nikon 1. Bakin A na Sony ya shuɗe. Wanda ya fi shafar mutanenmu shi ne EF-M na Canon, saboda M50 ta shiga hannun masu bidiyo da yawa: Canon ta daina shi, kuma gilasansa ba sa hawa RF, domin tazararsu 18 ce, ta RF 20, babu wurin sa adafta. Mai M50 ya ci gaba da aiki da ita har ta gaji, amma kada ya ƙara zuba kuɗi a gilasanta. In zai sayi gilashi, ya sayi EF ya ɗaura da adafta, wanda zai bi shi duk inda ya koma.

Lissafin tashi

Ɗauki takarda ka raba ta biyu. A dama ka rubuta duk abin da ka mallaka da abin da za a ba ka idan ka sayar yau. Farashin da dila zai ƙirgo maka a hannu ake nufi, ba wanda ya rubuta a shafinsa yana sayarwa ba, don haka ka kira mutum biyu ko uku ka ji. A hagu ka rubuta abin da zai maye gurbin kowanne a sabon kamfani. Gibin da ke tsakani shi ne kuɗin tashi, kuma kusan kullum ya fi abin da mutum ya zata, saboda ƙananan abubuwa.

Batura na ciki. Canon ta riƙe siffar LP-E6 tun daga 5D Mark II ta 2008 har zuwa R6, Nikon ta riƙe EN-EL15 tun daga D7000 har zuwa Z6 da Z8, don haka mai zama a gida yakan ci gaba da morar tsofaffin baturansa, ko da wasu sababbin ayyukan bodin sun fi son sabon samfuri. Ba ƙaramin abu ba ne a inda wuta ba ta da tabbas, musamman da yake marar madubi ta fi shan batir: a gwajin da kamfanoni ke bi, D750 tana ɗaukar hoto 1,230 a caji ɗaya, Z6 kuwa 310. A aikace ana wuce wannan adadi, amma bambancin yana nan. Duk wanda zai bar mai madubi ya sa kuɗin ƙarin batura a lissafi, ko wane kamfani ya nufa.

Filash ɗin da ke hawa kan kyamara na kamfani ɗaya ne. Na Canon ba zai yi magana da Sony ba. Masu fitilun Godox sun huta ta wani ɓangaren: AD200 da AD600 ba ruwansu da kamfani, tiriga kawai za a sauya, mai harafin C zuwa mai N ko S. Katuna ma a duba. Z6 ta farko ba ta cin SD, ramin XQD ɗaya gare ta, kuma katin da abin karanta shi ba araha ba. Sai manhajar tace hoto: tsohuwar Lightroom da ke kan kwamfutoci da yawa ba ta buɗe fayil ɗin CR3 na sababbin Canon, sai an bi ta DNG Converter na Adobe, wanda kyauta ne amma ƙarin aiki ne a kowane biki. Bidiyon 4K mai nauyi kuwa yana iya tilasta maka sayen sabuwar laftof, kuɗin da babu wanda ke tuna shi a shagon kyamara.

Duk wannan da dala ake auna shi. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A farkon 2024 ta haura 1,500. Kayan da ke hannunka sun ƙara daraja a naira, gaskiya ne, amma gibin da za ka cike shi ma ya ninka, kuɗin aikin biki kuwa bai ninka haka ba. Yi wannan ɗan lissafi: a ƙaddara gibin naira miliyan 2 ne, kuma kana ganin sabon kaya zai sa ka ƙara naira 20,000 a kowane aiki. Biki 100 ke nan kafin ka dawo inda kake. Sa naka alƙaluman, ka raba da yawan ayyukan da kake samu a shekara. Ka kuma tambayi kanka tsakani da Allah ko akwai mai bikin da zai ƙara maka sisi saboda sunan da ke goshin kyamara.

Akwai abin da ba ya shiga takarda, kuma a wurina ya fi duk na sama nauyi: su wa ke kewaye da kai? Ranar da 70-200 ɗinka ya faɗi ana gobe ɗaurin aure, wa za ka kira ya ara maka? Batir ya mutu a tsakiyar dina, wa ke da irinsa a aljihu? Mai gyaran da ka sani a garinku, wace kyamara ya saba buɗewa, kayan gyaran wace yake da su, wace ce kuma sai an aika Legas a jira makonni? Mai sharhi a Landan ko Tokyo ba ya sa wannan a ma'auninsa, domin shi gobe za a kawo masa wata har gida. Kai kuwa idan duk abokan aikinka Canon suke riƙe da ita, ka koma Fujifilm kai kaɗai, komai kyawunta, ranar matsala kai kaɗai ne.

Ka kuma ba yatsunka haƙƙinsu. Gilashin Nikon ta hagu ake murɗa shi ya kulle, zoben zuƙowarsa ma kishiyar na Canon yake juyawa. Abin dariya ne a faɗe, amma a makonnin farko za ka zuƙo lokacin da kake son ja baya, kuma daidai lokacin ne uwar amarya za ta rungume 'yarta.

Waɗanda tashi ya dace da su

Na farko shi ne wanda bai tara komai ba, mai gilashin da ya zo da kyamara da ɗan 50 ɗinsa, ko mai bakin da aka rufe. Shi ya zaɓi inda zai zauna shekara goma, kuma ya fara zaɓen daga gilasai. Rubuta guda uku da za ka buƙata, misali 24-70 mai f/2.8, da 85, da wani mai faɗi, ka nemo farashinsu a kowane kamfani, sabo da na hannu. A nan Sony take da ƙarfi, domin ta daɗe da buɗe bakinta ga Sigma, Tamron, Samyang da Viltrox. Tamron 28-75 f/2.8 da ya fito a 2018 a zamanin A7 III ya ja mutane da yawa saboda sauƙin kuɗinsa. Canon ta tsuke bakin RF, sai a 2024 ta ba Sigma da Tamron izini, shi ma a gilasan ƙaramar sensa aka fara. Amma Canon tana da nata maganin: tulin gilasan EF na hannu da suka cika kasuwa, waɗanda ke aiki a RF ba tangarɗa.

Na biyu shi ne wanda aikinsa ya koma bidiyo. Idan kana aiki da tawaga, kyamara biyu ko uku a wuri ɗaya, daidaita launin kamfanoni daban-daban wurin tacewa wahala ce ta kullum, kuma wanda ya bambanta da sauran shi ake daina kira. A nan ka bi tawaga. Ka duba kuma ko bodin yana yanke ɗauka a minti 29 da daƙiƙa 59, kamar yadda yawancin tsofaffi ke yi saboda wani harajin Turai a kan kyamarorin bidiyo, domin wa'azi ko taron siyasa ba ya jiran ka sake dannawa. Ka tambayi zafi. R5 da R6 na farko, na 2020, sun yi suna wajen ɗaukar zafi a bidiyo mai nauyi, kuma abin da ya yi zafi a ƙasar sanyi, ka ƙiyasta shi a Kano ko Sakkwato cikin Afrilu.

Wanda ba na goyon baya shi ne mai tashi saboda launi. Za ka ji ana cewa kalar wane ta fi fito da baƙar fata. A JPEG akwai ɗan bambanci, ba musu. A RAW kuwa, hasken da ka ba fuska da yadda ka saita fari sun fi sunan kamfani tasiri nesa ba kusa ba. In kana shakka, yi hayar kyamarar ko ka are ta yini guda. Kai ta irin wurin da kake aiki, ɗaki mai duhu da filin rana, ka ɗauki mutum ɗaya da ita da taka, ka tace su, ka nuna wa wanda bai san wacce ce wacce ba. Ka riƙe ta kuma awa uku a jere da babban gilashi, ka ji abin da wuyan hannunka zai ce. Kuɗin hayar yini ɗaya ba ya kai asarar sayar da gilashi ɗaya.

Idan bodi ne kawai

Ba dole sai sabon fitowa ba. Yayin da masu ɗaukar hoto a Turai da Amurka ke komawa marar madubi, 5D Mark III da Mark IV, da D750 da D850, suna ta sauka kasuwar na hannu, kuma duk suna da ramin kati biyu. Mai situdiyo da ke ɗaukar mutum a zaune da fitilu, babu abin da bin ido zai ƙara masa da ya kai bambancin kuɗin. Mai bin biki da taro kuwa, R6, Z6 II, Z5 ko A7 III na hannu sun fi masa. A lura da EOS R, RP da R8: suna da daɗin farashi, amma ramin kati ɗaya ne. A lura kuma da ƙura. Yawancin marasa madubi, da ka cire gilashi sensa ce tsirara a gabanka, kuma a cikin hunturu sauya gilashi a fili neman magana ne. Kashe kyamara, ka juya bakinta ƙasa, ka kuma riƙa yawo da abin hura iska.

Wurin sayen na hannu, je da katinka da gilashinka. Duba adadin bugun shota. An ƙera ta 5D Mark III da ta D750 don bugu 150,000, kuma ko da yake da yawa suna wuce haka, wadda ta kusa kai wa sai a rage mata kuɗi. Sa gilashi a f/16 ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka zuƙo: ɗigon ƙura ana gogewa, amma layi siriri da bai motsa ba ƙarzuwa ce a sensa, ka ajiye ta. Rufe gilashi da murfinsa ka ɗauki baƙin hoto na daƙiƙa biyu ko uku, ka ga ko jajayen ɗigo sun yi yawa. Gwada ramukan katin duka biyu, ka leƙa ramin CF da tocilan ko akwai lanƙwasasshen ƙarfe. Ɗora filash ka ga ya tashi. Ɗauki bidiyo na minti goma ka taɓa bayanta. Kan sukurori idan ya cinye, an taɓa buɗe ta, ka tambayi dalili. Idan Sony ce ko Panasonic, shiga menu ka tabbata akwai Turanci, domin waɗanda aka yi don kasuwar Japan galibi da Japananci kaɗai suke zuwa. In da gilashi a cinikin, haska tocilan ta bayansa ka duba ta gaba. Zare-zare kamar saƙar gizo fumfuna ce, kuma kayan da suka daɗe a damshin Legas ko Fatakwal sun fi kamuwa da ita.

Ko bodi ka sauya ko kamfani, kada ka yi shi ana saura mako guda Sallah ko a tsakiyar watannin biki. Zaɓi lokacin da aiki ya lafa, ka yi aiki biyu ko uku da sabuwar alhali tsohuwar tana rataye a ɗaya kafaɗar. Idan ka zauna a kamfaninka, ka bar tsohon bodin ya zama na biyu, domin abin da za a ba ka a kansa bai kai amfaninsa ba ranar da sabon ya ƙi tashi. Idan tashi ka yi, fara sayar da bodin, shi ne farashinsa ke zubewa duk lokacin da aka fito da sabo. Gilasai masu kyau suna riƙe daraja, don haka kada ka zuba su gaba ɗaya gaban dila. Sayar da su ɗaya-ɗaya ga 'yan sana'a, kowanne sai ka riga ka sami wanda zai maye gurbinsa.